Amurka: Wa ke tsare sirrin masu cin gajiyar inshorar lafiya ta gwamnati?

A watan Yunin shekara ta 2025, an ba jami'an hukumar da ke kula da inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka wa'adin mintoci 54 kacal su miƙa bayanan miliyoyin mutane ga ma'aikatar tsaron cikin gida ta ƙasar.

Kamfanin dillancin labaru na AP, wanda ya fara bankaɗo labarin, ya ce bayanan sun ƙunshi sunaye da adireshi da matsayin mutum game da izinin zama a ƙasar, da kuma lambar shaida ta Social Security, wadda da ita ake neman aiki da biyan haraji a Amurka.

Mutanen da abin ya shafa mazauna jihohin Kalifoniya da Illinois da Washington ne, da kuma birnin Washington, fadar gwamnatin ƙasar.

Kafin wannan rana, jami'an hukumar sun rubuta takarda suna gargaɗin cewa yin hakan zai iya saɓa wa dokokin tarayya. Amma umurnin ya fito ne daga manyan mashawartan sakataren lafiya, Robert F. Kennedy Jr, kuma an aiwatar da shi.

Wannan lamari ya buɗe wata shari'a da ta kai har shekara ta 2026. Ya kuma sa Amurkawa da dama sun gano cewa kariyar da suka daɗe suna zaton doka ta ba bayanan lafiyarsu ba ta kai ƙarfin da suke tsammani ba, musamman idan mutum talaka ne da gwamnati ke biya wa kuɗin asibiti.

Mene ne Medicaid?

Medicaid shiri ne na inshorar lafiya ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa dokarsa hannu a ranar 30 ga watan Yulin 1965, tare da takwaransa Medicare da aka tanada domin tsofaffi.

Gwamnatin tarayya da jihohi ne ke haɗa kuɗin shirin, amma jihohi ke gudanar da shi. Su ke karɓar takardun masu nema, su tantance wanda ya cancanta, su kuma biya asibitoci da likitoci.

A shekara ta 2025, mutane fiye da miliyan 70 ne ke cikin shirin, watau kimanin mutum ɗaya cikin kowane biyar a Amurka. Idan aka haɗa da shirin inshorar yara na CHIP, adadin ya doshi miliyan 79.

Shirin ne ke biyan kuɗin haihuwa kusan huɗu cikin kowace goma a ƙasar, kuma shi ke ɗauke da nauyin fiye da rabin mutanen da ke zaune a gidajen kula da tsofaffi da naƙasassu. Kuɗin da aka kashe a kansa a shekara ta 2023 ya haura dala miliyan dubu 850.

Baƙin da ba su da takardun izinin zama ba sa cin gajiyar cikakken shirin da kuɗin tarayya. Hatta akasarin waɗanda ke da izinin zama na dindindin sai sun jira shekaru biyar, bisa wata doka ta 1996.

Abin da ake biya wa marasa takardu shi ne jinyar gaggawa, kamar hatsari ko naƙuda, domin wata doka ta 1986 ta wajabta wa asibitoci duba duk wanda ya zo cikin halin gaggawa. Wannan kuɗi bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da shirin ke kashewa ba.

Sai dai a tsakiyar 2025, jihohi 14 da birnin Washington na amfani da kuɗin aljihunsu wajen ba yara inshora ba tare da la'akari da takardun zama ba, wasu daga cikinsu ma har da manya. Irin waɗannan jihohi ne aka fara miƙa bayanan mutanensu.

Farashin da talaka ke biya

Duk wanda ke neman shiga Medicaid sai ya bayyana abin da yake samu, da yawan mutanen gidansa, da inda yake zaune, da matsayinsa na ɗan ƙasa ko baƙo. A wasu rukunan har da abin da ya mallaka a banki.

Bayan ya shiga kuma, duk ganin likita da duk maganin da aka rubuta masa na barin sawu a kundin gwamnati, domin gwamnati ce za ta biya. Cutar ƙanjamau, ko taɓin hankali, ko juna biyu, ko jinyar shan ƙwaya, duka suna nan a rubuce.

Mai kuɗin da ya biya likita daga aljihunsa ba ya buƙatar buɗe wa kowa cikinsa haka.

Wannan bambanci ya daɗe ana jayayya a kansa. A shekara ta 1971, kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa jihar New York na da ikon yanke tallafin wata mata da ta ƙi barin jami'in jin daɗin jama'a ya shiga gidanta. Kotun ta ce ba a tilasta mata ba, tun da tana iya haƙura da tallafin.

Farfesa Khiara Bridges, malamar shari'a a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta yi bincike a wani asibitin gwamnati na New York, inda ta ga yadda mata masu juna biyu da ke cikin Medicaid ke amsa tambayoyi kan zamansu da mazajensu da shaye-shaye da halin gidajensu, kafin a fara duba cikin.

A littafin da ta wallafa a 2017, ta kai ga matsayar cewa a aikace iyaye mata matalauta ba su da 'yancin sirri a Amurka, ko da kuwa yana rubuce a takarda.

Saboda haka batun ya ta'allaka ne a kan amana. Gwamnati ta ce wa talaka ya faɗi komai domin a yi masa magani, shi kuma ya faɗa bisa alkawarin cewa maganar ba za ta wuce inda aka ajiye ta ba.

Katanga ta farko: dokar Medicaid

Wannan alkawari ya girmi shirin kansa. Tun a shekara ta 1939 majalisar dokokin Amurka ta gindaya wa jihohi sharaɗin ɓoye bayanan masu karɓar tallafin gwamnati, bayan ƙorafin cewa 'yan siyasa na amfani da jerin sunayensu wajen farautar ƙuri'u.

Tun a wancan zamani ma alkawarin ya gamu da cikas. A 1951 jihar Indiana ta kafa dokar buɗe kundin sunayen ga jama'a, gwamnatin tarayya ta tsayar da kuɗin da take ba ta, sai majalisa ta yi wani gyara da Sanata William Jenner ya gabatar, wanda ya halatta wa jihohi yin hakan muddin ba don siyasa ko kasuwanci ba ne.

Da aka zo kafa Medicaid, an sa sharaɗi mai tsauri. Sashe na 1902 na dokar Social Security ya wajabta wa kowace jiha ta taƙaita amfani da bayanan masu nema da masu cin gajiyar shirin ga abubuwan da suka shafi gudanar da shirin kai tsaye.

Ƙa'idojin da aka fitar daga baya sun fayyace waɗannan abubuwa guda huɗu: tantance cancanta, da ƙayyade yawan taimakon da za a bayar, da samar da jinya, da kuma binciken zamba ko shari'ar da ta shafi shirin.

Ƙa'idojin sun hana wallafa sunayen mutane. Sun ce a duk inda zai yiwu, a nemi izinin mutum ko iyalinsa kafin a amsa buƙatar wani daga waje, kuma wannan ya haɗa da sauran hukumomin gwamnati da kotuna da 'yan sanda.

Ko kotu ce ta aiko da sammaci tana neman kundin wani, wajibi ne hukumar jiha ta sanar da ita cewa akwai dokar da ta taƙaita fitar da shi.

Ta wannan fuska, dokar Medicaid ta fi sauran dokokin sirri na Amurka tsauri. To amma akwai giɓi. An rubuta sashen ne a matsayin sharaɗi a kan jihohi, kuma jihohin kan aika bayanan duk waɗanda ke cikin shirin zuwa rumbun hukumar tarayya ta CMS a kowane wata.

Da zarar bayanan sun isa can, tambayar ita ce ko sharaɗin ya bi su. A kan wannan gaɓa ce gwamnatin shugaba Donald Trump da jihohi suka raba gari.

Katanga ta biyu da ta uku

Doka ta biyu ita ce dokar sirri ta 1974, wadda aka kafa bayan abin kunyar Watergate, lokacin da aka gano yadda aka yi amfani da hukumomin gwamnati wajen leƙen asirin abokan hamayyar shugaba Richard Nixon.

Dokar ta hana hukumomin tarayya fitar da bayanan mutum ba tare da rubutaccen izininsa ba. Amma ta bar ƙofofi a buɗe, ciki har da wadda ta ba hukuma damar ayyana wani amfani a matsayin aikin yau da kullum, ta hanyar wallafa sanarwa a jaridar gwamnati.

Bugu da ƙari, 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin kaɗai dokar ta kare. Ɗalibi mai biza, ko mai neman mafaka, ko wanda bizarsa ta ƙare, ba sa cikin lissafinta.

Doka ta uku ita ce wadda kowa ya fi sani, watau HIPAA, da shugaba Bill Clinton ya sanya wa hannu a watan Agustan 1996. Ƙa'idojinta na sirri sun fara aiki ne a watan Afrilun 2003.

Ta shafi asibitoci da likitoci da kamfanonin inshora, har da Medicaid da Medicare. Ta ba majinyaci 'yancin ganin kundinsa cikin kwanaki 30, da neman a gyara kuskuren da ke ciki, da neman a faɗa masa waɗanda aka ba bayanansa cikin shekaru shida da suka wuce.

Wanda ya sayar da bayanan majinyaci ko ya yi amfani da su don cutarwa na iya fuskantar tarar dala dubu 250 da ɗaurin shekaru goma.

Sai dai HIPAA ma ta halatta fitar da bayanai ba tare da izinin majinyaci ba a lokuta da dama, kamar idan wata doka ta wajabta, ko kotu ta ba da umurni, ko 'yan sanda na neman gano wanda ake zargi, ko don yaƙi da annoba.

Sannan ba ta ba majinyaci damar kai ƙara kotu da kansa ba. Abin da zai iya yi shi ne ya shigar da ƙorafi a ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar lafiya cikin kwanaki 180.

Ma'aikatar lafiyar kuwa ita ce uwar hukumar CMS. Ke nan idan ma'aikatar ce da kanta ta fitar da bayanan, mai ƙorafi zai kai kukansa ne ga wanda yake tuhuma.

Alkawarin 2013

Abin da ya cike waɗannan giɓi tsawon shekaru shi ne manufar gwamnati, wadda ba ta da ƙarfin doka.

A watan Oktoban 2013, lokacin da gwamnatin shugaba Barack Obama ke ƙoƙarin shawo kan jama'a su yi rajista a sabon tsarin inshorar lafiya, hukumar shige da fice ta ICE ta fitar da sanarwa cewa ba za ta yi amfani da bayanan masu neman inshora wajen farautar baƙi ba.

Hukumar CMS ma ta wallafa a shafinta na intanet cewa don gudanar da shirye-shiryenta na lafiya kawai take amfani da bayanan.

Jihohi da asibitoci da ƙungiyoyin agaji sun ɗauki wannan magana suka isar wa jama'a. An gaya wa iyaye marasa takardu cewa suna iya yi wa 'ya'yansu rajista ba tare da fargaba ba, kuma doka ba ta tilasta wa wanda ke nema wa wani bayyana nasa matsayin ba.

Yaran da wannan ya shafa suna da yawa. Akwai yara fiye da miliyan 4 'yan asalin Amurka waɗanda aƙalla ɗaya daga cikin iyayensu ba shi da takardun zama. Adireshin yaro kuwa shi ne adireshin iyayensa.

Manufar ta ci gaba da aiki har a wa'adin farko na shugaba Trump. A wa'adinsa na biyu ne al'amura suka sauya.

A watan Maris na 2025 ya sanya hannu a kan wani umurni da ya buƙaci a kawar da shingayen da ke hana hukumomin gwamnati musayar bayanai, da sunan yaƙi da zamba da almubazzaranci.

A watan Afrilu hukumar haraji ta IRS ta ƙulla yarjejeniyar ba ICE bayanan masu biyan haraji, abin da ya sa muƙaddashiyar shugabar hukumar, Melanie Krause, ta ajiye aiki. A watan Mayu kuma ma'aikatar aikin gona ta nemi jihohi su miƙa mata bayanan masu karɓar tallafin abinci.

A tsakiyar watan Yuli AP ya sake ba da labarin wata yarjejeniya da ta ba jami'an ICE damar shiga rumbun bayanan mutane miliyan 79, daga Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma. Takardar ta ce manufar ita ce sanin ko su wane ne baƙin da kuma inda suke.

A gaban kotu

A ranar 1 ga watan Yulin 2025, jihohi 20 a ƙarƙashin jagorancin babban lauyan Kalifoniya, Rob Bonta, suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke San Francisco.

A ranar 12 ga watan Agusta, mai shari'a Vince Chhabria ya dakatar da amfani da bayanan waɗannan jihohi wajen farautar baƙi. Masu fafutuka sun yi murna, amma dalilin da alƙalin ya bayar ya nuna iyakar nasarar.

Bai ce dokokin sirri sun haramta musayar ba. Hasali ma ya ce babu wani abu da ya haramta wa ma'aikatar tsaron cikin gida karɓar bayanai daga wasu hukumomi gaba ɗaya.

Laifin gwamnati, a ganinsa, shi ne ta yi watsi da manufar da jihohi da asibitoci da majinyata suka dogara da ita fiye da shekaru goma, ba tare da ta zauna ta auna illar hakan ta kuma yi bayani ba, kamar yadda dokar gudanar da mulki ta 1946 ta tanada.

Watau an kama gwamnati ne da laifin rashin bin hanya. Ita kuwa hanya ana iya komawa a bi ta.

Haka gwamnatin ta yi. ICE ta soke manufarta ta 2013, kuma a watan Nuwamba hukumar CMS ta wallafa sanarwa a jaridar gwamnati tana bayyana aniyarta ta musayar bayanan.

A ranar 29 ga watan Disamba, alƙalin ya yanke cewa daga watan Janairun 2026 gwamnati na iya miƙa wa ICE wasu bayanai na asali game da mutanen da ke zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba: adireshi, da lambar waya, da ranar haihuwa, da ƙasar mutum, da matsayin zamansa, da lambarsa ta Medicaid.

Amma ya ci gaba da hana miƙa bayanan jinya, da kuma bayanan 'yan ƙasa da masu izinin zama, yana mai cewa gwamnati ba ta fayyace abin da take son yi da su ba.

Wannan kariya kuma ta tsaya ne a kan jihohin da suka shigar da ƙara. Mazauna sauran jihohi, kamar Texas da Florida, ba sa ƙarƙashin inuwarta.

Hujjar kowane ɓangare

Gwamnatin Trump ta ce ba ta karya doka ba. Ma'aikatar lafiya ta ce manufarta ita ce tabbatar da cewa waɗanda doka ta amince wa ne kaɗai ke cin gajiyar Medicaid, kuma ba a karkatar da kuɗin tarayya zuwa shirye-shiryen da jihohi suka ƙirƙira wa marasa takardu ba.

Tana da madogara a dokar shige da fice ta 1952, wadda ta ce duk bayanin da ke hannun wata hukumar gwamnati game da ko wane ne baƙo da inda yake, za a miƙa shi ga hukumar shige da fice idan ta nema.

Magoya bayanta na ganin babu hikima a ce wani ofishin gwamnati ya san inda wanda kotu ta ba da umurnin korarsa yake zaune, amma ya ɓoye wa wani ofishin na gwamnati ɗaya.

Su kuwa jihohin cewa suke yi binciken kuɗi daban, farautar mutane daban. Tun asali hukumar CMS na da ikon bincikar yadda jihohi ke kashe kuɗin tarayya, kuma ba ta buƙatar jami'an shige da fice kafin ta yi hakan.

Sun kuma yi nuni da cewa majalisar dokoki ce da kanta ta wajabta wa asibitoci karɓar kowa a halin gaggawa, ta kuma tanadi kuɗin biyan su. A ganinsu bai dace a mai da wannan tanadi tarkon kama wanda ya zo neman ceton ransa ba.

Illar tsoro

Akwai shaidar abin da tsoro ke yi a wannan fage. A wa'adin farko na Trump, gwamnati ta fito da wata ƙa'ida da ta ce amfani da Medicaid na iya hana baƙo samun izinin zama na dindindin.

Tun kafin ƙa'idar ta fara aiki a watan Fabrairun 2020, cibiyar bincike ta Urban Institute ta gano cewa a shekara ta 2018, kimanin mutum ɗaya cikin bakwai na manyan da ke iyalan baƙi ya ce shi ko wani nasa ya ƙaurace wa tallafin gwamnati saboda fargaba. Cikinsu har da waɗanda ƙa'idar ba ta shafa ba sam.

An daina aiki da ƙa'idar a 2021, amma wasu matakan sun biyo baya. Florida a 2023, da Texas a 2024, sun umurci asibitocin da ke karɓar kuɗin Medicaid su riƙa tambayar majinyata matsayin zamansu. A watan Janairun 2025 kuma gwamnatin tarayya ta soke manufar da ta taƙaita kame a asibitoci da makarantu da wuraren ibada.

Likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa wanda ya ƙi zuwa asibiti da wuri yakan zo ne bayan cuta ta ci ƙarfinsa, lokacin da jinya ta fi tsada. Idan cutar mai yaɗuwa ce kamar tarin fuka ko ƙyanda, illar ba ta tsayawa a gidansa.

Wannan ya shafi 'yan Afirka mazauna Amurka, ciki har da Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya da ke unguwanni irin su Bronx a birnin New York, inda ba abin mamaki ba ne a samu gida guda da ke ɗauke da ɗan ƙasa da mai izinin zama da wanda bizarsa ta ƙare.

Ɓarayin intanet

Barazanar ba daga hukumomi kaɗai take fitowa ba. Duk inda aka tara bayanai da yawa a wuri guda, ɓarayi na kai masa hari.

A shekara ta 2012, masu kutse sun shiga kwamfutocin jihar Utah suka kwashe bayanan mutane kimanin dubu 780, akasarinsu masu alaƙa da Medicaid da shirin yara. A 2023 hukumar da ke gudanar da Medicaid a Colorado ta sanar da mutane fiye da miliyan 4 cewa an saci bayanansu ta hannun wani kamfani da ke mata aiki.

A watan Fabrairun 2024 kuma aka yi kutse mafi girma a tarihin harkar lafiya ta Amurka, a kamfanin Change Healthcare da ke sarrafa takardun biyan kuɗin asibitoci. Mutane kimanin miliyan 190 abin ya shafa.

Tun daga shekara ta 2009 doka ta wajabta sanar da waɗanda aka saci bayanansu, kuma ƙa'ida ta ce a yi hakan cikin kwanaki 60. Amma sanarwa ba ta mayar da abin da ya riga ya fita, kuma wanda ke neman na abinci ba shi da halin ɗaukar lauya.

Abin da ke gaba

Alamu na nuna cewa bayanan da za a riƙa nema daga masu cin gajiyar Medicaid ƙaruwa za su yi.

Dokar haraji da kasafi da shugaba Trump ya sanya wa hannu a ranar 4 ga watan Yulin 2025 ta tanadi cewa daga farkon 2027, miliyoyin manya sai sun nuna shaidar yin aiki ko karatu ko hidimar al'umma na sa'o'i 80 a wata, kuma za a sake tantance su duk bayan watanni shida.

Domin aiwatar da hakan, dole jihohi su haɗa kundin lafiya da na albashi da na wasu hukumomi. Wanda ke neman a ɗauke masa sharaɗin saboda rashin lafiya kuma sai an tabbatar da ciwon nasa.

Dokar ta kuma tanadi cewa daga watan Oktoban 2026, 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka za su rasa cancantar cikakken shirin, alhali bayanansu na nan a rumbun gwamnati.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙofar kotu na ƙara ƙuncewa. A watan Yunin 2025, kotun ƙoli ta yanke da rinjayen alƙalai shida a kan uku cewa masu cin gajiyar Medicaid ba za su iya kai jiha ƙara ba domin tilasta mata bin wani sashe na dokar da ya shafi zaɓen likita. Sashen da ke kare sirri na cikin jerin sharuɗɗa ɗaya da wannan, kuma salon rubutunsu ya yi kama.

A cikin watan ne kuma wani alƙalin tarayya a Texas, Matthew Kacsmaryk, ya soke akasarin ƙa'idar da gwamnatin Joe Biden ta fitar a 2024 domin ƙara kare bayanan mata game da juna biyu da zubar da ciki.

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shekaru da dama hukumomin lafiya na Amurka sun riƙe wannan amana, amma shari'ar 2025 ta nuna cewa wani muhimmin ɓangarenta ya dogara ne a kan ra'ayin wanda ke kan mulki, kuma sanarwa guda a jaridar gwamnati ta isa ta sauya shi.

Majalisar dokoki ce kaɗai ke da ikon rubuta a fili cewa sharaɗin da ta gindaya wa jihohi tun 1965 ya hau kan gwamnatin tarayya ita ma. Kafin ta yi hakan, ma'aikacin asibiti ko na jiha da ke taimaka wa uwa cike takardar ɗanta ba zai iya yi mata alkawarin da ake yi a 2013 ba.